Sunan Ɗan Fari

Shekara shida na yi a Yamai ina karatun shari'a, sannan na dawo Konni na kama wani ɗaki kusa da tasha, na sa tebur da kujera biyu na ce buro ne, wato ofis. Babanmu direban babbar mota ne, kakanninmu kuma daga Sakkwato suka hauro, don haka tun ina lakwal, ina ɗan makaranta, na san yadda ake jujjuya takardar mutum a kan iyaka ana kallon fuskarsa. Shi ya sa na zaɓi aikin takardun baƙi da 'yan ci-rani. Abokan karatuna duk suka yi zamansu a babban birni, suna yi min dariya wai na zama lauyan tasha. A gida ma ba wanda ya gane aikin; baba cewa yake na yi dogon karatu don in koma marubucin wasiƙa. Haka zan wuni ni kaɗai, in dafa shayina in shanye abina.

Wata Laraba, ranar kasuwa, wani dattijo Bafulatani daga wajen Bazaga ya shigo da matar wansa marigayi, mai tallan nono. Ɗanta ya tafi Libiya neman na kansa, an tsare shi don ba shi da takarda ko ɗaya. A ruga aka haife shi, ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba. Wakilan ƙasarmu na can sun ce sai an aiko da shaidar ɗan Nijar ne kafin su karɓo shi. Na ce abu mai sauƙi: mu je gaban alƙali, uwa da shaidu biyu su faɗi abin da suka sani, a ba mu takardar haihuwa. Dattijon ne ya yi duk bayanin, ita tana bakin ƙofa tana gyara faifai a kan ƙwarya. Ban tambaye ta komai ba, kuma nan na yi wauta.

Ranar zama alƙali ya ce ta faɗi sunan ɗan da take wa shaida. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya sake tambaya da Fulatanci, ta ce baffansa ya sani. Ashe ɗan fari ne! Alƙali ya yi haƙuri har sau uku, sannan ya ce ba zai rubuta shaidar uwar da ba ta ambaci ɗanta ba, mu dawo bayan mako biyu.

Na san kunyar ɗan fari sarai. Ni ma shi ne, inna har ta koma ga Allah da "kai wannan" take kirana. Amma ranar zuciya ta ɗebe ni, muna fitowa na hau matar nan da faɗa a gaban jama'a, na ce ɗanki na kulle a ƙasar wasu, ke kina nan kina kunya? Ta bari sai da na gama, ta ce a hankali, "Ban taɓa ba. Bakina bai iya ba." Wallahi sai na ji kunyar kaina.

Da muka koma gaban alƙali ta faɗi sunan. Murya can ƙasa, har sai da magatakarda ya matso da kunnensa, dattijon kuma ya juya yana kallon bango. Na karɓi takarda na aika ranar, ina ta murna ba ni da wanda zan gaya wa.

Amsa ta zo bayan wata guda. An kwashe waɗanda ke tsare a wurin zuwa wani gari kwanaki kaɗan kafin takardar ta isa, kuma ba a same shi cikin waɗanda aka gani ba. Na rubuta, na sake rubutawa, na buga waya har na gaji. Shiru.

Daga nan duk Laraba sai ta zo, ta sauke ƙwarya a bakin buro, ta gaishe ni. Ba ta ƙara zuwa da dattijon ba. Sai ta dube ni ido cikin ido, ta kira sunan yaron sarai, har da na ubansa kamar yadda aka rubuta a kotu, ta ce, "An ji labarinsa?"

Shekara biyu tana zuwa, kullum ina ce mata tukuna.