Ƙarar da Barakatu ta Kai Shamuwa

Barakatu ba ta taɓa son tsuntsu ba. A Jazira ta tashi, 'yar masu tsinkar auduga, kuma aikinta na fari a duniya shi ne kaɗa gwangwani a gonar dawa tana korar tsuntsaye. Da aure ya kawo ta Kalakla, kudu da Khartum, ta ɗauka ta rabu da su ke nan. Mijinta Mika'ilu yana walda a unguwar Shajara, ita kuma ta kama wankau, tana wanke wa 'yan kasuwa jallabiyoyi da rawuna, farare ƙal.

Sai dai a bayan katangarta akwai wani tsohon gawo da rassansa suka leƙo daidai kan igiyar shanyarta. Duk gabanin damina shamuwa kan sauka a kansa su yi sheƙa, abin da suke saki daga sama kuwa ba ya zaɓen riga. Maƙwabta suka ce ba a taɓa shamuwa, ita ke kawo ruwa. Barakatu ta ce ita dai abin da ake kawo mata ba ruwa ba ne.

A 1983 haƙurinta ya ƙare. Ta zaunar da Mika'ilu ya rubuta mata takardar ƙara da Larabci zuwa ofishin unguwa, a zo a sare gawon.

"Rubuta, Malam. Yau sha tara ga Mayu suka iso, su talatin da ɗaya."

"Har yawansu za a sa?"

"Sa mana! Kada a ce ƙage nake musu."

Idirisu, akawun ofishin, ya buga hatimi ya ce, "Za a duba, Hajja." Ba a duba ba. Shekara na zagayowa ta sake kai wata, ta ƙara da yawan sheƙa da na 'yan tsaki. Ranar da suka tashi ma sai ta aika, don a san bishiya ta zama fanko, a kawo gatari. Haka ta yi shekara ashirin da ɗaya, Idirisu yana ta jerawa a fayil.

Ana nan wata malamar jami'a mai binciken tsuntsaye, Dakta Awadiyya, ta shigo unguwar tana tambayar tsofaffi yaushe shamuwa ke zuwa. Kowa ya ce mata da damina. Idirisu ne ya kakkaɓe ƙurar fayil ya miƙa mata. Tana gama karantawa ta nufi gidan Barakatu.

"Hajja, kin san abin da kika tara? Daga takardunki muka ga zuwan shamuwa yana ƙara jinkiri, sheƙa kuma ta ragu daga sha huɗu zuwa biyar. Mu da na'urorinmu ba mu da irin wannan."

"Alhamdu lillahi, 'yata, an karanta dai. To yaushe za a sare?"

Dakta ta sunkuyar da kai ta kurɓi shayi.

Bayan wata uku ma'aikata suka zo da tsani da guduma. Barakatu ta fito da murna har da ruwan sanyi. Allon ƙarfe suka kafa a jikin gawon: an hana sarewa, wurin sheƙar shamuwa ne.

Aka gayyace ta taro a Khartum, aka ba ta takardar yabo, aka kira ta uwar shamuwa. Da aka miƙa mata lasifika ta gyara lulluɓin tobinta ta ce, "Ni roƙona ɗaya ne, a sare bishiyar nan." Zaure ya ɗauki dariya da tafi, wani farfesa har yana share hawaye, yana cewa Hajja akwai barkwanci.

A bas suna komawa, Mika'ilu ya ce zai haɗa mata rumfar kwano a kan igiyar. Ta juyo ta dube shi.

"Kana da wannan dabara shekara ashirin, Malam?"

"Ai ba ki tambaye ni ba. Rubutu kika ce in yi."