Kauɗa a Filin Tanis

Wata Asabar ce da la'asar, cikin hutun rani, ina aji biyar a firamare. Ina tsugune a kan wani daɓen siminti a bayan wani tsohon bene cikin Kano, ina juya yankakken tumatir ɗaya bayan ɗaya, sai na ji takun mutane ya tsaya cak a bayana. Na waiga. Maza uku ne cikin fararen kaya, kowa riƙe da wani abu mai kama da rariya mai mariƙi, sai wata dattijuwa cikin leshi tana biye da su. Na durƙusa har ƙasa na gaishe su. Idonsu na kan jan da ya rufe filin tun daga raga har katanga, da ƙudajen da ke shawagi a kansa. Daga baya na san filin wasan tanis ne, su kuma kwamitin gidan ne, waɗanda a yammacin nan za su zauna su yanke ko Gwaggo Rabi za ta mallaki ɗakunan da take ciki.

Ni 'yar wani ƙauye ce tsakanin Kura da Bunkure, inda kanal ya ratsa ta bayan gidaje. Mun tashi mun ga ruwa yana gudu rani da damina, don haka ba mu san lokacin da ake cewa babu aikin gona ba. A cire shinkafa a sa alkama, a yanke alkama a dasa tumatir. Da safe mu kai wa Baba koko gona, mu tarar da shi cikin taɓo har gwiwa yana karkata ruwa daga wannan fangali zuwa wancan, sannan mu wanke ƙafa a bakin kanal mu ruga makaranta. In an tashi, maza su yi langa, mu mu yi carafke a gindin mangwaro har a aiko kiranmu. Amma idan tumatir ya yi kwantai, motocin kudu suka ƙi zuwa, to babu sauran wasa. Kowace yarinya da wuƙarta. A raba shi biyu, a shanya a duk inda rana ke sauka, bakin titi ne, bayan masallaci ne, har filin ƙwallon makarantarmu, sai ya bushe ya zama kauɗa. Innarmu kan ce, "Yarinyar da ta ga tumatir yana ruɓewa ta wuce, ba a gidan nan ta tashi ba." Ban taɓa jin an nemi izinin wani kafin a yi shanya ba.

Gwaggo Rabi ƙanwar Baba ce, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a birni. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a gabanta, shi ya sa aka ba ta aron ni a hutun. Benen da take ciki Turawan kamfani ne suka gina tun kafin yaƙin duniya na biyu, a unguwar da itatuwa suka fi mutane yawa. Hawa uku ne, gida tara. Ƙasan ɗakunan katako ne mai sheƙi da ke kuka in ka taka, rufin kuwa ya yi nisan da ko da tabarya ba za ka taɓo shi ba. A banɗaki akwai bahon ƙarfe mai ƙafafu huɗu, wanda na yi kwana biyu ina tsoron shiga. Matakala biyu ce, ta gaba mai faɗi ta masu gida, ta baya siririya ta kuku da masu wanki. Mazaunan ne suka haɗu suka mallaki ginin gaba ɗaya, kuma ko kana da abin saye, ba ka shiga sai sun yarda da kai. Sabon zuwa sai ya yi wata shida ana kallon zamansa. Ba a daka a sama, ba a shanya tufafi a baranda, ba a kiwon ko kaza. Gwaggo ta sayar da gonar gadonta ta bakin kanal saboda ɗakunan nan, kuma watanta shida suna cika a makon da na zo. Ta karanta mini dokokin tas. Babu tumatir a ciki.

Baba ne ya haɗo ni da kwando uku na tumatir, tsarabar ƙanwarsa. Firjinta bai ɗauki ko rabin ɗaya ba. Aka ajiye sauran a ƙarƙashin matakalar baya, ta ce sai ƙarshen mako ta san yadda za ta yi da su. Tana fita tun da sassafe, ba ta dawowa sai magariba, kuma ta ƙofar gaba take bi. Ranar Laraba na leƙa kwandunan na ga na ƙasa ya fara tsiyaya. Na zaga bayan gida, sai ga daɓe shimfiɗe, an kewaye shi da waya, babu akuya, babu yashi, rana na dukansa tun hantsi. A raina na ce lallai mutanen birni sun san darajar shanya, har fili suka gina mata. Na share shi sau biyu, na ɗauko wuƙar kicin, na zauna. Tsohon mai gadi ya zo ya tsaya a kaina, ya buɗe baki kamar zai hana ni, sai ya ce, "Ki riƙa kifa bayan a ƙasa, 'yata, ya fi saurin shan rana." Ban gaya wa Gwaggo ba. So nake ta gani a buhu, ta yaba.

Shugaban kwamitin, wani tsohon babban sakatare mai furfura a gira, bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni 'yar gidan wa ce, na faɗa. Aka kira Gwaggo. Ta sauko da mayafi a karkace, ta dubi filin, ta dube ni, ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, laifina ne, ban nuna mata ba." Ya nuna fararen layukan da ruwan tumatir ya rine, ya ce, "Hajiya Rabi, ai ba maganar yarinya ba ce. Maganar irin zaman da muka saba ce." Ni da ita muka kwashe cikin zannuwa, muka hau da shi ta matakalar baya, su kuma suka zauna taronsu a gindin dogonyaro. Ba ta dake ni ba, ba ta yi mini faɗa ba. Na fi son a ce ta yi.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Dattijuwar nan ce mai leshi, Hajiya Dije, ita kaɗai, tana haki don ba ta saba da wannan matakalar ba. Ta ɗebi kauɗar a tafin hannu, ta shinshina, ta murza. Ta ce, "Rabon da in ga wadda ba yashi irin wannan tun ina gidanmu a Madobi. Rabi, ko za ki sam mini kaɗan?" Gwaggo ta cika mata kwano har da ƙari, ta rufe da faifai, ta raka ta. A ranar Litinin takarda ta iso. Kwamiti bai amince ba, kuma an rubuta cewa baki ɗaya aka yanke, babu wanda ya saɓa. Gwaggo ta karanta a tsaye, ta ninke, ta sa a aljihun rigar aikinta ta tafi asibiti.

Ta koma haya a wata unguwa mai cunkoso, ɗaki biyu da tsakar gida, inda ta zauna har ta rasu. Gonar ba ta dawo ba, domin wanda ya saya ya ƙi sayarwa. Na girma ina jin nauyin abin a raina. Sau ɗaya na taɓa tayar da maganar, ina da 'ya'ya biyu a lokacin, na ce ta yafe mini. Ta yi dariya ta ce, "Ke Binta, ai shekara guda na yi ina miya da kauɗar nan. Ba ki ji daɗin da ta yi ba."

Bara na bi ta unguwar. Benen yana nan, an sake masa fenti, an ɗaga katanga, filin tanis ya zama wurin ajiye motoci. Ni ma yanzu a rukunin gidaje nake zaune mai ƙofa da dokoki, kuma 'ya'yana a gwangwani suka san tumatir. A ƙauyenmu har yau bakin titi yakan yi ja idan kasuwa ta faɗi, yara mata na tsugune da wuƙaƙensu. Nakan rage gudun mota in kalle su. Har yanzu in na ga fili mai tsabta rana na dukansa, shanya ce ke fara zuwa raina, sai kuma Gwaggo.