Kujerar Mai Haƙa Rijiya a Jirgin Yamai

Mu uku ne muke ciyayya a Tanut, a shekarun farko na samun mulkin kai: ni, da tela, da mai haƙa rijiya. Kowa matarsa ta aiko da kwanon tuwo, mu haɗu a zauren telan, mu fara da na wanda miyarsa ta fi ƙamshi. Tare aka yi mana kaciya, saboda haka babu abin da wani zai ɓoye wa wani. Ni a lokacin fatu nake saye ina kaiwa Damagaram, na taɓa zuwa Agadas, na leƙa Kano sau biyu, kuma ina jin kaina kamar na gama duniya. In na fara labari, telan sai ya ce da mai rijiya, "Matso da kwanon nan, mutumin ya buɗe baki, yau za mu ƙoshi."

Mai rijiyar nan ba shi da yawan magana. Tun daga Gangara har Tenhiya babu wanda bai san shi ba. Ku da kuka san Damargu kun san yadda ruwanmu yake. Sai an yi gaba talatin ko arba'in cikin ƙasa kafin a ga danshi, kuma sai sa ko raƙumi ya ja guga ya yi nisa kafin ta fito. Rabin rayuwarsa a can ƙasa ya yi, yana ɗaga kai yana ganin sama kamar faifai.

Wata rana na ba su labarin da wani direba ya ba ni, cewa a Yamai akwai kogi wanda ba ya ƙafewa rani da damina, har mota ake ɗorawa a jirgin fito a haye da ita. Mai rijiya ya ajiye lomarsa.

Ya ce, "Wa ke jawo shi?"

Na ce, "Babu mai jawowa. Tafiya yake da kansa."

"Har da rani?"

"Har da rani."

Telan ya ce, "Ka ji wahalalle. Kai kana can kana tonon ƙasa kamar gafiya, wasu ruwa na wuce musu ta ƙofar gida ko sallama ba ya yi."

Mai rijiya bai yi dariya ba. Sai ya ce shi dai yana so ya ga wannan abu da idonsa kafin ya mutu. A iya sanina da shi, wannan ne kaɗai abin da ya taɓa cewa yana so.

Ni na kawo maganar jirgin sama. A mota tafiyar kwanaki ce zuwa, kwanaki dawowa, shi kuma ba ya iya barin rijiya rabi ya daɗe, sai ta rufta. Na ce daga Damagaram jirgi na tashi, ka yi sallar azahar a nan ka yi la'asar a can. Muka shekara biyu muna shiri. Muka tsayar da lokacin sanyi, bayan an gama shigar da hatsi rumbu, don an ce lokacin kogin yake cika. Muka yi fatiha a kan cewa tare za mu je. Na karɓi takardunsu na shaida masu hoto, na tafi Damagaram, wani ma'aikaci a ofishin jirgi ya rubuta sunayenmu, ya ba ni takardu uku. Na dawo da su cikin jakar fata. Mai rijiya ya wanke hannunsa kafin ya taɓa tasa.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, a Tanut ba a yin shiri shekara biyu gari bai ji ba.

Saura kwana huɗu mu tashi, surukin mai rijiya ya zo daga Ollelewa cin kasuwa. Dattijo ne mai kirki, dogo, gemunsa fari tas. Mai rijiya ya je gaishe shi, na raka shi. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa. Shekara goma sha da auren, bai taɓa kallon fuskar tsohon ba, bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Aka gama gaisuwa, sai tsohon ya juyo wajena, don da ni zai iya hira.

Ya ce, "Ɗana, na ji za ku Yamai ta sama."

Na ce, "Haka ne, Baba, in Allah ya yarda."

Ya ce, "Madalla. Autana yana can aikin soja. Damina uku ke nan ban sa shi a ido ba. Ƙashin bayan nan nawa ba ya iya mota." Sai ya ƙara da cewa, "In kun gan shi ku ce ina gaishe shi."

Wallahi bai roƙi komai ba. Amma ni na ji, mai rijiya ma ya ji. Daga can ƙasa inda yake durƙushe sai na ji muryarsa: "Ai akwai wuri, Baba."

Tsohon ya ƙi sau biyu, kamar yadda ake yi, a na uku ya sa masa albarka.

A hanya na ce, "Kai, me ka yi ke nan?"

Ya ce, "To me zan yi? In zauna a sama, shi yana ƙasa yana ƙirga damina?"

Telan da ya ji sai ya ajiye almakashi ya ce fatiharmu fa? Mai rijiya ya ce kogin da ba ya ƙafewa ai ba zai gudu ba, baɗi ma yana nan. Ya ce mu je mu kalla masa da kyau. Washegari ya ɗauki igiyoyinsa ya bi wasu Buzaye zuwa wajen Tenhiya, inda suke jiransa da wata rijiya. Ina jin ba ya son ya ga tashinmu ne.

A nan ne laifina yake, ni masanin duniya. A wurinmu wuri a mota wuri ne. In ka kama, ka fasa, sai ka ba ƙanenka ko maƙwabcinka, direba ba ruwansa da fuskar kowa, kawuna yake dubawa. Ni da na ga an rubuta sunaye, na ɗauka don su san wanda za su kira ne in lokaci ya yi. Ko sau ɗaya ban tambaya ba.

Muka wuni a saman babbar mota zuwa Damagaram, tsohon a gaba kusa da direba, a kan matashin da telan ya ɗinka masa. Da safe muka je filin jirgi. Tsohon ya sa farar riga sabuwa, yana riƙe da ƙullin cuku da kilishi na autansa. Ma'aikacin ya duba takarda, ya duba hoto, ya ɗaga kai ya dubi gemun.

Ya ce, "Baba, wannan ba taka ba ce."

Tsohon ya ce, "Tawa ce, ɗana. Mijin 'yata ya ba ni, ga shaidu."

"Na yarda ya ba ka. Amma wanda sunansa ke jiki shi ke shiga."

Telan ya sa baki: "Malam, kujerar ce za ta gane? Ai duk mazaunai ɗaya ne."

Ma'aikacin ya yi murmushi, amma bai canza ba. Bai wulaƙanta mu ba, har kujera ya kawo wa tsohon. Ya ce da mun zo tun da wuri da ya ga abin da zai yi, yanzu an riga an rufe takardar masu tafiya, kuma sauran wuraren kwanakin nan duk an kama. Na ce to a aika wa mai ita. Ina faɗa na ji wautata. Mutum yana can ƙasan rijiya a dajin Tenhiya, jirgi kuma ga shi nan ana zuba masa mai.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya zauna yana kallon ƙullin da ke hannunsa, can ya ce, "Ashe na hana yaron nan ne a banza." Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo.

Ba a barin dattijo shi kaɗai a garin da bai sani ba. Telan ya dube ni ya ce, "Kai ka jawo, amma kai ka iya labari. Tafi. Ni zan mai da Baba gida. Dama ƙarfen nan bai kwanta mini ba, ɗinkinsa duk a waje yake." Tsohon ya miƙo mini ƙullin.

Haka na tafi ni kaɗai, kujeru biyu babu kowa a gefena. Na ga kogin tun daga sama, na kuma je bakinsa. Na samu autan na ba shi saƙonsa. Kwana uku ina yawo a gaɓa, ina ganin mata na wanki suna zubar da ruwan da a garinmu zai shayar da garke, ina juyawa in yi magana, babu kowa.

Da na dawo, mai rijiya ya riga ya ji komai. Bai ce uffan a kan kujerar ba, sai dai ya tambayi ko surukinsa ya ji kunya a gaban mutane. Na ba su labari yadda na iya, faɗin kogin, da launinsa, da kwalekwale, da jirgin fito ɗauke da mota. Yana saurare. Da na gama sai ya ce, "Yana da ƙara?"

Kallo na yi ta yi, ban saurara ba. Shi kuwa a ƙasan rijiya da kunne yake fara sanin ruwa ya kusa.

Na ce, "Baɗi ka ji da kanka."

Baɗi matar telan ta haihu. Shekarar da ta biyo gero bai yi ba. Daga nan ni na koma harkar Kano, sai in yi wata shida ban taka Tanut ba. Kullum muna cewa sai mun haɗu mu uku, saboda fatihar nan, kuma mutum uku masu iyali ba sa taɓa samun sarari a rana ɗaya. Da na kama hannun mai rijiya mu biyu mun hau ko motar gyaɗa ce, da ya gani. Ban yi ba. Ya rasu a Gangara, a gidan babbar 'yarsa, ciwon ƙirji.

Na sha zuwa Yamai bayan haka, har aka yi gada na haye ta a mota. Wata safiya na sauka can ƙasa inda masunta ke ɗaure kwalekwale, na zauna na yi shiru. Ashe yana da ƙara, 'yar kaɗan, inda yake lasar katako. Na daɗe zaune a wurin, har wani masunci ya tambaye ni ko na yi ɓatan kai ne.