Ɗ Mai Lanƙwasa a Baƙin Allon Baffa

Wata Laraba ce da la'asar, a damunar shekarar da hatsi ya yi tsadar da har yau Inna ba ta son a tuna mata, na zauna a kan tabarmar zaurenmu na danna wasu maɓallai, duk abin da ke kan allon kwamfutar Baffa Sani ya ɓace. Ban fi shekara goma ba a lokacin, ga ƙanshin ƙasar da ruwa ya daka yana shigowa ta ƙofa.

Baffa Sani ƙanin Babanmu ne. Kamfanin da yake wa aiki a Kano ya rufe, sai ya dawo ƙauyenmu da ke kan hanyar Ɗambatta da jakar kaya da wata tsohuwar kwamfuta mai naɗewa, wadda ƙaramar sola a kan rufin zaure ke ba ta wuta. Ta tsufa ƙwarai, ba ta iya ɗaukar nauyin hotuna da launukan da ake gani a irin na ofis, don haka ya cire mata su gaba ɗaya, ya bar baƙin allo da fararen baƙaƙe. Ya ƙanƙanta rubutun ya koma kamar ƙwayar gero, ta yadda allon zai ci layuka masu yawa, sannan ya yanka shi gida huɗu da wasu siraran layuka. Babban yankin shi ne gandu, a nan yake buga wa mutane takardu, abin da ake ɗan samun na cefane da shi ke nan. Ƙananan ukun kuwa gayaunu ne, kamar 'yan gonakin da ake yanka wa kowa tasa, ɗaya tawa, ɗaya ta Yaya Hadiza, ɗaya ta Ummi 'yar maƙwabtanmu. Siraran layukan nan gamba muke ce musu, irin wadda ake shukawa a iyakar gona. "Kowa ya tsaya a gayaunarsa," haka yake cewa kullum, "wanda ya tsallaka gamba, ni da shi ne."

Ba a zama gabanta sai an gama aiki. Mu dawo daga makaranta, mu ɗebo ruwa a rijiya, mu taya Inna surfe, mu yanko wa awaki ciyawa, mu tsinko tafasa da rama don a ƙara wa tuwo auki. Sauran yara suna can gindin tsamiya suna carafke, mu kuma muna layi a zaure, hannu a wanke tas. In ana son komawa wata gayauna, akwai maɓallai biyu da ake dannawa tare, sannan a danna kibiya. Mu a wajenmu waɗannan biyun su ne masu yin abin al'ajabi.

Ranar nan Baffa ya tafi masallaci, ya bar aikin wani a gandu bai gama ba. Ni kuma ina son rubuta Ɗambatta, na duba ko'ina babu ɗ mai lanƙwasa, sai d miƙaƙƙe. A makaranta kuwa Malama ta sha dukan hannunmu a kan wannan lanƙwasar. Sai na ce a raina, tunda maɓallan nan biyu suna yin abin mamaki, in na danna su na bi da d, ai za su lanƙwasa masa kai. Na danna. Gandu, gayaunu, gamba, duk suka tafi, sai ɗan layi guda a sama yana ƙifta mini ido. Yaya Hadiza ta dafe ƙirji ta ce, "Shi ke nan, kin cinye mana abincin gobe." Na tsuguna a bayan ƙofa ina kuka, ina tunanin aikin mutane da abin da Baffa ya dogara da shi.

Da ya dawo ya ji bayani, sai ya yi dariyar da har ta sa shi tari. Ya rubuta wasu kalmomi biyu, sai ga komai ya dawo a mazauninsa, har da jimlar da na fara tana jirana. "Ba ɓata suka yi ba, uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsu ne da ni, "ƙofa kawai kika ja musu." Kafin a yi girbi ya nemo yadda za a samu ɗ da ƙ da ɓ, ni ya fara koya wa.

Watan jiya wasu samari suka sa mini wuƙa a cikin adaidaita sahu a Kano, suka karɓe wayata da duk abin da ke cikinta. Har yanzu in babur ya tsaya kusa da ni sai in yi saurin matsawa gefe. Na dawo gida don in ɗan huta, na tarar da kwamfutar nan tana nan a zaure, gamba na nan inda take. Baffa, da furfura yanzu, ya matsa mini a tabarma bai tambaye ni komai ba. Na sa hannuna a kan maɓallan, na rubuta Ɗambatta da lanƙwasarta. Ashe gayaunata tana nan, ƙofa kawai na ja mata.