Baturiya Ta Auna Babanta

A gida Baturiya ake ce mata, don zabiya ce, fara sol, idonta ba ya shiri da rana. Tun ranar da aka haife ta, gwaggonta, yayar babanta, ta ɗora wa uwar laifi: "Mu dai kaf danginmu babu wannan abu. Daga gidanku kika kwaso mana." Uwar kuwa tela ce, kuma ba ta taɓa tankawa ba. Sai dai ka ji keken ɗinki ya ƙara gudu a ɗaki. Wannan shirun ya fi komai ƙona wa Baturiya rai.

Ita kam bakinta ba ya mutuwa. Da ta shiga jami'a ta zaɓi karatun cututtukan gado, wani malami ya ce idonta ba zai jure aikin ɗakin gwaji ba, ta nemi wani fannin. Ta ce, "Malam, idon nawa ne. Ranar da ya gaji zan sanar da kai." Haka ta yi ta fama, hanci kamar zai taɓa allon kwamfuta, hawaye na zuba, tana sharewa da hannun riga.

A can ta koyi cewa ba a haifar zabiya sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar halittar. Habawa! Aikinta na shekarar ƙarshe sai ta yi shi a kan gidansu. Babanta kafinta ne, ta same shi a shago yana fiƙe katako, ta tsaya masa a ka da tsinken auduga, ta ce sai ta goga cikin kumatunsa don gwaji. Ya yi ta zillewa, daga baya ya ce, "Ɗauki, kafin ki cinye ni da baki."

Bayan ta gama gwajin, Gwaggo ta zo gidan, ta ɗauko tsohuwar waƙarta. Baturiya ta aje mata ruwa, ta ce, "Gwaggo, na auna. Rabin abin na Umma ne, rabi na ƙaninki. Ke ma buɗe baki in duba."

Gwaggo ta dubi ƙaninta da ke zaune a gefe. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gaskiya ne, Yaya."

Keken ɗinki ya tsaya cak. Uwar ta fito bakin ƙofa, zare a wuyanta, ta ce:

"Buɗe mata mana, Yaya. Ai dama ba ki saba rufe shi ba."