Ban Dubi Idonka Ba, Malam Inuwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da asubar Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024, Allah Ya karɓi ran Malam Inuwa Gafasa, malamin kimiyyar halittu da ya koyar da mu a sakandare a Ajingi. Kwana uku ya yi a kwance bayan wani babur ya buge shi ta gefen hagu a bakin kasuwa. Waɗanda suke wurin sun ce mai babur ɗin ba gudu yake ba. Malam ne bai gan shi ba.

Malam, ni ce Zulfa, wadda ta toshe hanci ranar da ka shigo aji da idon saniya a kwanon sha. Mahauta ba sa sayar da ido shi kaɗai, domin kan da babu ido ba ya samun mai saye. Saboda haka duk shekara kan saniya guda kake saya, ka cire idanun ka kawo mana, sauran kuma matarka Inna Larai ta yi farfesu. Mu 'yan aji har cewa muke ita ta fi kowa cin ribar darasin.

Ina tuna yadda ka yanke kitsen baya da reza, ka nuna mana taurin farin ido. Ka tsaga gilashin gaba, ruwa garai ya tsiyayo. Ka zaro ƙwayar tsakiya ka ɗora a kan tsohuwar jarida, sai ga haruffa sun kumbura, aji ya kaure da salati. Can ciki ka ɗage wata fata mai laushi kamar yanar kunu, ƙarƙashinta wani shuɗi mai walƙiya, ka ce shi ne yake sa idon shanu haske in an dalla musu fitila. Da na kau da kai, ka ƙwanƙwasa tebur ka ce, "Zulfa, duba. Wanda ya kau da kai ba ya koyon komai."

A ƙarshe ka kama wata farar jijiya a bayan idon. Ka ce ruwan nan na gaba in ya rasa hanyar fita, sai ya matse wannan jijiya ta mutu a hankali. Babu zafi, babu ja. Daga gefe gani yake fara tafiya, kamar yadda gara take cin azara, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Wannan darasi ne ya kai ni aikin jinyar ido. Yau shekara tara ina auna idon mutane a Gaya.

Bara da ƙaramar salla na zo gaishe ka a gidanka na Gafasa. Inna Larai ta ajiye maka kofin ruwa a hagunka, ka yi ta lalube, sai da ka juya kanka gaba ɗaya ka gan shi. Da za ka raka ni, kafaɗarka ta bugi bakin ƙofa. Na san abin da na gani, kai da kanka ka koya mini. Amma a durƙushe nake, kaina a ƙasa, yadda aka tarbiyyantar da mu a gaban manya. Yaya zan ce wa malamina ya ɗaga kai in ƙura masa ido? Na ce a raina zan dawo da kayan aiki. Daga Gaya zuwa Gafasa ba tafiyar yini ba ce, amma na yi ta yau da gobe har shekara ta zagayo. Kunya ce, kuma sakaci ne, ba zan yi masa ado ba.

Ranar sadakar uku na zauna kusa da Inna Larai. Ta riƙe hannuna, ba da nufin zargi ba, ta ce, "Ai yana alfahari da ke. Na sha ce masa ya je a duba shi, sai ya ce, 'Zulfa ta zo ta gan ni, ba ta ce komai ba. Da akwai matsala, da ta faɗa.'"

Ashe shiruna ka ɗauka a matsayin sakamakon gwaji. Na san kwana in ya ƙare ba makawa, amma wannan bai sauke mini nauyin ba. Malam, ka yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Larai, da 'ya'yanka Mudassir da Naja'atu, da jama'ar Gafasa baki ɗaya. Ciwon nan yana bin jini, don haka na riga na auna idon 'ya'yan naka biyu, kuma ban sunkuyar da kai ba. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya sa ka buɗe ido a Aljanna, ka ga komai sarai, har abin da ke gefenka. Amin.