Baba Toma Mai Bishara: Saƙo Ya Iso Mu, Ba Mu Je Ba

Ranar Juma'a, 13 ga Janairu 1984, Allah ya karɓi ran Baba Toma, mai bisharar da ikkilisiyarmu ta Birnin Kebbi ta aika Argungu shekara tara da suka wuce. Ni Dinatu, sakatariyar zumuntar mata, nake wannan rubutu, kuma raina a ɓace yake.

Baba, kai ka koya mana azumi da addu'ar safe. Amma ban manta ranar da ƙafar maƙwabcinka Hodi, manomin albasa, ta kumbura ba. Kana cikin azumi ka goya shi a keke har asibiti, da jiri ya ɗebe ka a hanya ka sha ruwa, ka ce Allah ba zai riƙe ka da wannan ba. Kullum kana gaya mana wanda ya san abin da ya kamata ya ƙi yi, laifinsa ya fi na wanda bai sani ba. Muna gyaɗa kai, har muna rubutawa.

To, ga abin da muka yi da karatun. Ran Laraba, muna tsakiyar makon azumin sabuwar shekara, Hodi ya aiko direba da saƙo: "Malam Toma na kwance, ba shi ci, ba shi sha. Ku taho ku kai shi asibiti, ya ƙi jin tawa." Hannuna saƙon ya shigo. Na kai wa dattawa, suka ce ba a fasa taro a makon azumi, a sa sunanka a jerin masu neman addu'a, sai Asabar in an rufe taron a je. Motoci uku na tsaye a ƙofar majami'a, Argungu kuwa tafiyar awa guda ce. Na san ba daidai ba ne, amma na rubuta sunanka na bakwai a jerin.

A wurin jana'iza har wani dattijo ya miƙe yana cewa lokacinka ne ya yi. Haba! Lokaci na Allah ne, amma zaman da muka yi namu ne. Hodi da matarsa Laure suka yi jinyarka kwana huɗu, mu 'yan'uwanka muna durƙushe muna kiran sunanka da bakin da bai ci abinci ba, muna jin mun yi aiki.

Ubangiji Yesu ya ba ka hutawa, Baba, ya yi maka jinƙai. Ya sāka wa gidan Hodi da alheri. Ya ta'azantar da 'ya'yanka da jikokinka, ya gafarta mana in akwai sauran gafara ga irinmu.

Ke kuma Baiwa, 'yar Baba Toma, a bakin kabarin mahaifinki kin tambaya ko saƙo bai iso ba ne, kowa ya sunkuyar da kai. Ya iso tun Laraba da hantsi. Ni na karɓa.